Baƙin Man da Ramalan Ya Zubar

Ana shirin kiran magariba Ramalan ya shigo unguwa da tsohuwar motarsa, jar fitilar mai tana ci a gabansa. Tun da aka rufe ramin haƙar ma'adinai na Akokan, inda ya yi shekara goma sha tara yana aiki, motar nan ce ke ciyar da gidansa a Arlit.

Washegari Aghali makanike ya buɗe injin, ya tsoma yatsa, ya zaro shi baƙi ƙirin.

"Wannan ba mai ba ne, kwalta ce. Yaushe rabonka da juyen mai? Ya toshe hanya, shi ya sa take kunna ja."

Aka kankare, aka wanke, aka zuba sabo. Ramalan ya kwaso dattin man a bido, wato jarka, da zafinsa, ya tuttule shi a wani rami bayan katangar gidansa.

Da yammar nan dutse na farko ya faɗo kan rufin kwano. Inno matarsa ta leƙa titi, ba kowa. Na biyu ya faɗo tsakar gida, yana naso da baƙin mai. Sai suka ga jar fitilar ta kama da kanta a cikin motar, alhali lakile, makullin motar, yana aljihun Ramalan.

Kwana uku ana haka, kullum daidai faɗuwar rana. A na huɗu ƴarsu Siddiƙa ta ajiye tsintsiya, ta zauna a ƙasa, ta ƙura wa katanga ido. Inno ta kira ta sau biyu. Da ta juyo, muryar wata tsohuwa ce ta fito daga bakinta.

"Wa ya ƙona mini ɗa?"

Aka ɗauko Malam Zakariya'u, limamin unguwar. Ya zauna gaban Siddiƙa, ya yi ta karatu ba gaggawa, har jikinta ya hau rawa.

"Wace ce ke?"

"Ƙarƙashin Akokan aka haife ni. Suka haƙe mu, muka yi shiru, muka ƙauro ramin nan. Yanzu wannan ya sheƙa wa autana wuta a ƙafa. Ƴarsa zan ɗauka."

Inno ta fasa kuka. Ramalan ya durƙusa.

"Ba ki da iko da ita," in ji Malam. "Bai san kuna nan ba. Faɗi abin da za a iya."

Muryar tsohuwar ta ce:

"Ya kwashe ƙasar da ya ɓata da hannunsa. Sannan ya kai mu inda ba a haƙa."

Da gari ya waye Ramalan ya kwashe ƙasar har farcensa ya yi jini. Ya buɗe ƙofar bayan motar, ya koma mazauninsa. Motar ta nutse ƙasa kamar ta ɗauki mutum shida. Ya kama hanyar Assamakka, bai kalli madubi ba ko sau ɗaya.

Can inda babu komai sai yashi, ƙofar ta buɗe da kanta. Motar ta ɗago. A daidai lokacin, a gida, Siddiƙa ta yi atishawa, ta ce, "Inna, ƙishirwa nake ji."

Ramalan ya sauko rufe ƙofar. A kan yashi akwai sawu manya da ƙanana, sun nufi yamma. Mafi ƙanƙanta a cikinsu yana jan ƙafa ɗaya.