Sunan da Aka Kankare

Sharafaddeen ya san ƙarya yake rubutawa, kuma ko a jikinsa. Ɗan Zariya ne, ya zo Doha karatun gyaran tsofaffin littattafai, yana kuma ɗan aikin gefe wa wani dillalin kayan tarihi a wani gida a unguwar Al Thumama. Dillalin yana son kwafin wasiƙar Yohanna Firist, sarkin Kirista da bai taɓa wanzuwa ba, wanda wani maƙaryaci ya rubuta wasiƙa da sunansa shekaru ɗari takwas da suka wuce, har Paparoma ya aika masa da amsa. In an yaudari Paparoma, wane ne wani attajirin birnin Lusail da za a sayar wa ita a matsayin tsohuwa?

Sai dai ƙarya tsohuwa tana buƙatar fata tsohuwa, irin wadda ake rubutu a kai a da. Ya yago shafin ƙarshe na wani littafin addu'ar Kiristoci na Larabci. Layi biyu ne kacal a kai: sunan limamin cocin da ya kwafe littafin, da roƙonsa cewa duk wanda ya karanta ya ambace shi da rahama. Sharafaddeen ya sa wuƙa ya kankare su tas. Ko karanta sunan bai yi ba, ɗan banza.

Ranar da ya gama rubuta wasiƙar a kan fatar, ya koma ɗauko ta gab da magariba. Yana shiga ɗakin, na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya. Warin kyandir da lubban ya cika wurin.

Sai ya ji ƙarar wuƙa a kan fata. Kar. Kar. Kar.

Wani tsoho cikin baƙar riga na zaune a kujerarsa, ya ba shi baya. Ya juyo a hankali. Fuskarsa ba ido, ba baki, sumul kamar ƙwaryar da aka goge.

"Shekara ɗari takwas ana ambatona," muryar ta fito ƙasa-ƙasa. "Abin da na mallaka ke nan. Ka share ni don sarkin ƙarya."

"Ka yi haƙuri, zan mayar," Sharafaddeen ya ce.

"To, faɗi sunana."

Bai sani ba.

Hannu mai sanyi ya damƙi wuyan hannunsa. Wuƙar ta hau goshinsa. Ba jini, ba zafi. Kar. Kar.

Ladan ya ɗaga murya daga masallacin layin. Hannun ya saki. Ya fita da gudu ba takalmi.

A gida, matarsa Bilqis ta buɗe baki za ta kira shi, ta tsaya tana kallonsa, ta fashe da kuka. Katin zamansa na Qatar hoto ne kawai, gurbin suna fari fat. Shi kansa ya laluba sunan a ransa, bai samu ba. Washegari ya koma ya ƙona wasiƙar, ya yi sadaka, a banza.

Ya kwantar da ransa da cewa Inna ba za ta lura ba. Shi ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda kunya.

Rana ta uku ta bugo waya.

"Kai," ta ce, "tun da na haife ka, bayan kowace sallah sai na ambaci sunanka a ɓoye na roƙa maka Allah. Yau kwana uku ina ɗaga hannu ina nema. Wa zan ce masa ya tsare mini?"