Waƙar da Aka Kunna a Aji

Ranar Laraba ce, tun safe ake yayyafi, ruwan ya ƙi sauka ya ƙi ɗaukewa. Dogo ya kashe injin walda, ya goge hannu a jikin wando, ya ɗauki lema ya nufi jami'a. Budurwarsa, wadda yake tsokana da Farfesa, ta fita ba lema, kuma yau za ta yi jawabi a ajinsu na falsafar waƙa.

Da ya isa, bai shiga ajin ba. Shi da ya bar makaranta tun ba a je ko'ina ba, ina shi ina zama cikin masu biro? Ya raɓe jikin taga.

Sai ya ji muryarsa.

Muryarsa ce ke fita daga lasifika, tana rawa. Waƙar da ya rera mata a waya ce, ita kaɗai, makon da Baba ya kwashe kayansa ya bar musu gidan. Har wurin da ya ce Umma kan ɓuya bayan ƙofa ta yi kuka don kada ƙannensa su gani. Har shessheƙarsa.

"Ku lura," in ji Farfesa, tana gyara tabarau, "mai magana a cikin waƙa daban, mawaƙi daban. Da zarar an rera ciwo, ya tashi daga na mutum ɗaya, ya zama na kowa."

Aka tafa mata. Wasu sun ɗaga waya suna naɗa.

Da ta fito ta gan shi, sai fuskarta ta cika da murna.

"Masoyi! Ka ji? Malam ya ce bai taɓa jin..."

"Wa ya ba ki?"

"Kai mana."

"Ke na ba. Ban ba ajinku ba."

"Haba Dogo, ai ban faɗi sunanka ba! So nake su san abin da ke ƙirjinka, su daina ce mini mai walda zan aura."

"Au, ashe wanke ni kike yi... da hawayen uwata?"

Ya miƙa mata lemar, ya juya cikin ruwa.

Abin da ya shiga waya kuwa ba ya kwana wuri ɗaya. Kafin Juma'a waƙar ta zaga unguwa. Murya ba ta ɓuya, kowa ya gane ta. Mata suka fara shigowa gidan jaje, kowace na satar kallon bayan ƙofa.

Ya tarar da Umma tana ninke wanki. Ba ta ɗago ba.

"Babana, ni da nake gaya wa mutane tafiya ubanku ya yi?"

"Umma, ki yafe ni..."

"Na rufa wa kaina asiri da zane, kai ka yaye da baki." Ta ajiye rigar hannunta. "Yarinyar ba ta da mugun nufi, na sani. Ka aure ta in kana so. Ni dai ba zan ƙara kuka a gidan da take ba."

Da yamma Farfesa ta zo shago, idanunta sun kumbura.

"Na goge, wallahi na goge! Hasken raina, ka dube ni mana..."

Ya sauke gilashin walda kan fuskarsa.

"Ki goge a kunnen unguwa."

"Yanzu shi ke nan? Duk shekarun nan?"

"Ke kika ce ciwon ba nawa ba ne, na kowa ne. To, kowa ya ɗauki rabonsa. Ga naki."

Ya kunna inji. Ƙarar ta haɗiye kukanta, ta haɗiye nasa.

An ce ita ta zo ta ɗaya a ajin. Shi kuwa ya rasa matar aure, Umma ta rasa fita unguwa da kai a ɗage, ƙannensa suka rasa ƙaryar da ke sa su barci. Waƙa kuma, bai sake rera ko baiti ɗaya ba.