Dainamon Motar Marigayi

Hajiya Baraka ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba da ta shigo ofishin Sufeto Salihu.

"Ranka ya daɗe, a kamo mini Ummaru mai rewaya! Ya sace dainamon motar marigayi."

Motar tsohuwa ce tun ta zamanin Turawa, mijinta ya rasu ya bar mata ita a Ƙofar Durbi. Ranar Alhamis Malam Ummaru ya gwada dainamonta a gaban Hajiya, allurar mita ta miƙe. Yau batir ya ƙi caji, kuma Nabil, ɗan ƙaninta, ya rantse Ummaru kaɗai ya taɓa motar.

Sufeto ya sa aka kwance dainamon, ya tafi da shi garejin Malam Ummaru a Ƙofar Kwaya. Ya tarar labari ya riga shi, har wasu sun fara kwashe motocinsu daga garejin dattijon.

"Da furfurata hwa ake ce mini ɓarawo!" in ji Malam Ummaru.

"Gwada mini shi, Malam."

Ya ɗaure dainamon a tebur, ya maƙala bel da wayoyin mita, ya tada inji. Allura ko motsi ba ta yi ba. Sufeto ya kankari jikin dainamon da makulli. Baƙin fenti ɗanye ya ɓare, tsatsa ta bayyana.

"Ba shi na gwada ba," in ji Malam Ummaru.

"Na gani. Amma wannan bai wanke ka ba tukuna."

Suka koma wurin motar tare. Sufeto ya leƙa, ya ga kan batir ya ƙone baƙi ƙirin.

"Me ya jawo wannan?"

"An juya wayoyi ne. Irin waɗannan motocin, jar waya ake ɗaurewa a jikin mota, ba baƙa ba. Wanda ya yi aikin nan wuta ta tartso masa."

Sufeto ya waiwaya. Nabil na jingine da bango, hannun dama cikin aljihu.

"Ka taɓa buɗe motar nan?"

"Ni mi zai kai ni? Ban san komai ba a mota."

"Fito da hannunka."

Yatsa ɗaya naɗe yake da bandeji. Nabil ya ce shayi ne ya zubo masa. Sufeto ya warware. Ƙunar ta zagaye yatsan daidai inda zobe ke zama.

"Shayi ne ke kewaya yatsa haka? Zobenka ne ya haɗu da batir. Ka sa ana jifan dattijo da sata, ko kunya babu!"

Nabil ya durƙusa.

"Gwaggo, ki yafe mini. Wani mai tara tsofaffin motoci ne ya matsa mini. Dainamon na asali yana ɗakina, ban kai masa ba."

Hajiya Baraka ta dube shi kamar ta mare shi, sai ta juya ga Malam Ummaru, muryarta ta yi ƙasa.

"Malam, na zalunce ka."

"A Ƙofar Kwaya aka ce ni ɓarawo ne, Hajiya. Can za ki je ki faɗa."

Ta gyara mayafinta ta bi bayansa. Sufeto Salihu ya buga wa Nabil ankwa, ya tasa ƙeyarsa zuwa mota.