Jirgin Lilon da Mujahid Ya Ƙi Sa Wa Hannu

Ranar yawon Sallah Nuriyya ta fara ganinsa, a wani ɗan wurin wasa da ke bakin Dutse. Yayarta Hassana ta rako, ƙafafunta sun gaji, babu abin da take so irin gida. Sai ta hango wani dogon saurayi shi kaɗai a cikin lilo, ya karkata kai yana sauraron wani abu.

"Malam, ashe har manya ma na hawa?" Hassana ta tsokane shi da ya sauko.

"Aikina ne, Hajiya. Ba na barin kowa ya hau sai na hau na ji kukan ƙarfen." Da Hassana yake magana, amma idonsa na kan ƙanwar.

Mujahid sunansa, ɗan Aujara, makanikin injinan wurin. Kafin wata ya zagayo ya san ƙofar gidansu a Limawa, ita kuma ta san ƙarar babur ɗinsa tun daga kwanar layi.

Baffa, mahaifinta, bai ɓoye ra'ayinsa ba. "Gyaran lilo sana'ar magidanci ce?" Ga kuma Fahad, ma'aikacin sakatariya da shi ma yake neman aurenta, kullum da mota da turare. Baffa ya ce ba zai tilasta mata kowa ba, amma ba zai ba da ita ga wanda ba shi da tsayayyen aiki ba. Shekara biyu ana ja, har ya yanke: Mujahid ya kawo takardar aiki ta dindindin kafin Babbar Sallah, ko a rufe maganar.

Ana haka mai wurin wasan ya ce zai kawo jirgin lilo Dutse, wannan mai gudu a kan ƙarfe yana hawa sama yana gangarowa. Ya tura Mujahid ya zaga garuruwa ya gwada, da alkawarin kujerar babban makaniki. Daga nan saƙonni suka fara shigowa.

"Nurina, yau na hau na Abuja. Ya fi hasumiyar masallacinku tsawo, yana kifa mutum sau biyu, amma ko ƙara ba ya yi."

"Na Legas ya fi gudu, kafin ka ce wayyo an gama. Na Kano tsoho ne, yana kaɗa haƙora, amma mai kula da shi yana ji da shi."

Da farko dariya take yi. A wata na uku dariyar ta ƙare. Inna ta yi magana, ƙawaye su yi, Fahad ya aiko, shi kuma saurayin nata yana can yana lissafa mata kwana da gangara. Ta rubuta:

"Na gaji, Mujahid. Wata uku ina karanta labarin ƙarfe. Ko sau ɗaya ba ka tambayi yadda nake fama a gidan nan ba."

Ya amsa: "Ki yafe min, sanyin idona. Tsoro nake ji na tambaya. Don ke nake hawansu."

Ta ajiye wayar tana kuka.

Saura kwana goma Sallah ya dawo, a rame. Bai nemi ganinta ba, Baffa ya nema. Nuriyya ta laɓe a bayan zaure.

"Baffa, ban zo da takarda ba," ya ce, kansa a ƙasa. "Maigidana bai saurari shawarata ba, ya ɗauko wani tsohon jirgi daga wurin wasan da aka rufe. Sau uku na hau shi babu kowa. A lanƙwasa ta biyu akwai ƙarar da ban yarda da ita ba. Ya ce in sa hannu a buɗe ranar Sallah, na ce ba zan sa ba. Jiya ya sallame ni."

Nuriyya ta jingina da bango. Shi ke nan, ta ce a ranta, shekara biyu ta tafi.

"Ka san abin da ka rasa?" Baffa ya tambaya.

"Na sani, Baffa."

Baffa ya dube shi. "Lokacin da muke kiwo a wajen Buji, idan rafi ya kawo, mahaifina ba ya kora shanu sai ya shiga da kansa. In ruwan bai yi masa ba, a nan za mu wuni, ko wa zai yi fushi. Na ɗauka irinsu sun ƙare." Ya gyara zama. "Ka turo manyanka ranar Juma'a."

Bayan Sallah da mako uku aka ɗaura aure a Limawa. Da za a tafi da amarya, Baffa ya kira ango gefe, Nuriyya na ji daga cikin mayafi.

"Aiki Allah ke bayarwa. Kai da ka hana a ɗora 'ya'yan wasu a kan abin da ba ka yarda da shi ba, ga tawa nan na ɗora a hannunka. Allah ya yi muku albarka, ya hutar da ku."

Nuriyya ta ce amin, hawaye na zuba.