'Yar Tagar Da Ke Ƙarƙashin Kwano

Ranar da aka fara jifan, babu abin da ya bambanta yammacin da sauran. Mai ɗinki tana zaune a kan kekenta a falo, tana kalmasa bakin wata riga da za a zo karɓa da safe. 'Yarta, wadda kowa ke kira Yaya, tana tsakar gida tana ɗauraye kwanuka. Maigidan bai dawo daga garejinsa ba tukuna. Rana ta faɗi, hasken da ya rage da ƙyar zai isa a zura zare a allura, kuma ɗakin da sanyi. Wannan sanyin baƙo ne a gidan.

Tsohon gida ne, kwanon rufinsa ya yi ja don tsatsa, silinsa kuma siriri. Lokacin zafi, in ka shiga ɗaki da azahar sai ka rantse tanderu ka faɗa. A cikin irin wannan zafin ne, bara, zazzaɓi ya kama Auta, ɗanta namiji da bai daɗe da fara tafiya ba. An ɗauke wuta, fanka ta tsaya, ta yi ta yi masa fifita da kwali har hannunta ya sage. Likita ya ce zazzaɓi ne ya yi ajalinsa. Ita dai ta san ɗakin da ya kwanta a ciki. Ba ta yi kuka ba, mata suka yi ta yaba haƙurinta. Alhali ba haƙuri ba ne, ba ta jin komai ne kawai, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta. Sunan Yaya ma daga bakin Auta ya fito, ya tafi ya bar wa yarinyar.

Da zafin bana ya kunno kai, ta ce wa maigidan a gyara rufin. Bai yi musu ba, don ya daɗe bai ji ta nemi wani abu ba. Aka kira kafinta, wani mutum mai yawan barkwanci. Ya zo da wata irin auduga rawaya mai kauri, a nannaɗe kamar katifa, mai ƙaiƙayin tsiya. Ya kafa tsani, ya shige ta ƙofar silin da ke lungun falo, ya yi ta shimfiɗa ta a tsakanin katakai har ya rufe saman ɗakunan kaf. Ya sauko jiƙe sharkaf yana susa.

"Uwar ɗakina, daga yau sai kin nemi bargo," in ji shi. "Ki tanadi tabarmi kuma, maƙwabta za su fara zuwa barcin rana."

Ba ta yi dariya ba. Ta nuna masa wata 'yar taga can sama, a jikin bango, daidai inda kwanon ya haɗe.

"Waccan fa? Ba ka rufe ba."

"Ai ta iska ce, a bar ta. Zafin da audugar ta tare, ta nan yake fita."

Ta ce to. Amma a wurinta rami rami ne, kuma ta riga ta ƙudura cewa zafi ba zai sake samun hanya a gidan nan ba. Kafinta na tafiya ta ɗauki ragowar audugar, da guntun falanki, da gudumar maigidan, ta hau da kanta. Ta cusa audugar a tagar, ta ɗora falankin, ta buga ƙusoshi. Ba ta gaya wa kowa ba. Ba ɓoyewa ta yi ba, magana ce dai ta yi mata nauyi tun bara.

To, a wannan yammacin, sai ta ji an ƙwanƙwasa kwano sau ɗaya. Ta tsayar da keke. Shiru. Ta sa ƙafa za ta ci gaba, sai aka sake, aka kuma sakewa, har ya zama kamar ana watsa tsakuwa da hannu biyu. Maigidan ya shigo a daidai lokacin, ya ajiye jakarsa ya koma waje yana faɗa, wai yaran unguwa sun raina shi. Ya zagaya gidan, ya leƙa layi, babu ko kare. Ya ja da baya ya dubi saman kwanon, babu dutse ko ɗaya a kai. Da ya dawo ya tsaya a tsakiyar falo ya kasa kunne, sai fuskarsa ta canja.

"Ba daga waje ake jifan nan ba," ya ce a hankali. "Daga ciki ne."

Daga ranar kullum haka. Da zarar rana ta sunkuya sai a fara, kuma a gefe ɗaya ake bugu, can ƙarshen rufin. Wani lokaci tsakuwa ta faɗo tsakar ɗaki, alhali babu huda a silin. Mai ɗinki ta taɓa ɗaukar ɗaya, ta same ta da zafi kamar an ciro daga wuta. Ta ajiye ta a kan keke ta ci gaba da ɗinki. Wani lokaci kuma a ji kamar ana rarrashin yaro can sama, murya ƙasa-ƙasa, sannan a yi shiru. Maigidan ya ce ɓeraye ne, amma bai ɗauko tsani ya duba ba.

Sai abin ya koma kan Yaya. Ɗaki da sanyi, ita kuwa gumi na tsattsafo mata har ya jiƙa katifa. Leɓɓanta suka tsattsage. Ta yi ta susar hannuwa da wuya har fatar ta yi jini. A ba ta ruwa ta shanye, ta miƙo kofin a ƙara. Aka kai ta asibiti, aka auna, aka ce babu zazzaɓi. Da yamma sai ta zauna a ƙasa, ta ɗaga kai ta ƙura wa silin ido, hannuwanta a naɗe a ƙirji kamar mai riƙe da jariri. Mai ɗinki ta zauna a gefenta da kwali tana fifita. Ta san wannan zaman, ta san inda ya kai ta bara, amma ko tsoron ma kamar daga nesa take hango shi.

Ranar da Yaya ta daina amsa kira, maigidan ya tafi ya zo da malam. Tsoho ne mai ƙaramin jiki, ba shi da yawan magana. Ya iso bayan la'asar, ya cire takalmi, ya zauna a kan tabarma kusa da yarinyar. Ya daɗe yana duban silin kafin ya buɗe baki. Sannan ya fara karatu, ba da ƙarfi ba, yana tofawa a ruwa yana shafa mata a goshi. Jifan ya tashi kamar kwanon zai tsage, sannan ya tsaya cak. Yaya ta miƙe zaune, ta juyo da kanta a hankali.

"Ya isa, Malam. Ina jin ka."

Muryar ba ta Yaya ba ce. Muryar babbar mace ce, a dishe, irin ta wadda ta gaji da kira.

"Wace ce ke?" in ji malam.

"Mai zaman sama. Ina nan tun kafin a haifi mai gidan nan. Ban taɓa ɗaukar musu ko allura ba."

"To me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita ba ta yi komai ba. Uwarta za ka tambaya." Idanun Yaya suka sauka a kan Mai ɗinki. "Kun turo mana zafinku gaba ɗaya, ban ce komai ba, gidanku ne. Muna da 'yar ƙofarmu, muna shan iska, muna shige da fice. Sai ta hau da guduma. Ina kallon ta tana buga ƙusa, tana ambaton sunan Allah a kan kowacce. Abin da aka rufe da wannan suna ba na iya buɗe shi."

Maigidan ya juyo ya dubi matarsa. Ta gyaɗa kai.

"Ni na rufe," ta ce.

"Na buga, na yi jifa, ba ku ji ba," muryar ta ci gaba. "Ina da ƙarami. Bai iya jure abin da manya ke jurewa. Na yi masa fifita har hannuna ya mutu. Jiya da azahar ya daina motsi."

A waje wani mai babur ya wuce, ƙararsa ta yi nisa ta ɓace.

"Ɗa aka ɗaukar mini, ɗa zan ɗauka," in ji muryar. "Wannan ta ishe ni."

"Ba ki da wannan ikon," malam ya ce, bai ɗaga murya ba. "Ba ta san kuna nan ba, ba ta yi da nufi ba. Kin san hukuncin wanda ya ɗauki ran da bai yi masa laifi ba, naku da namu duk ɗaya ne. In kin ƙi, zan ci gaba da karatu, kuma kin san abin da zai biyo baya. Ban so mu kai nan. Faɗi abin da za a iya yi miki."

"Me za a iya yi mini?"

Mai ɗinki ta ji bakinta ya buɗe da kansa.

"A kwashe audugar duka. A cire kwanon ma in kina so. Ki bar mini ita, ita kaɗai ta rage."

"Na sani," in ji muryar. "Ina nan ranar da aka fita da naki. Na hana nawa wasa, na ce gidan ƙasa suna cikin rashi." Yaya ta ɗaga hannu ta nuna kusurwar silin, daidai saman inda gadon Auta yake a da. "In kin kwantar da shi kina ɗinki, yana kallon can yana ƙyalƙyala dariya. Har kina ce wa ubansa yaron nan shi da silin sai Allah. Wa kike zato yake yi wa dariyar? Tare suke wasa da nawa."

Mai ɗinki ta tuna. Ta tuna har da yadda yake miƙa hannu sama yana buɗe yatsu. Wani abu ya motsa a ƙirjinta, ta dafe wurin.

"Ki bar audugarki," in ji muryar. "Ba ni da sauran zama a nan. Hannun da ya rufe shi zai buɗe, kafin duhu ya shiga. In fita da ɗana, in kai shi inda muke kai namu. Ba zan dawo ba."

"Kin yi alkawari za ki saki yarinyar?" malam ya tambaya.

"Na yi, da sunan da aka rufe ni da shi."

Maigidan ya kafa tsanin, ya ce bari ya hau. Malam ya girgiza kai. Mai ɗinki ta ɗaura ɗankwali, ta karɓi guduma, ta tura ƙofar silin da ka.

Zafin da ya tarye ta ba ta taɓa jin irinsa ba, ko a ɗakin bara. Rana ta kusa faɗuwa amma kwanon na huci a kan bayanta, iskar ba ta shaƙuwa. Ta rarrafa a kan katakai, audugar na cizon gwiwoyinta, har ta kai bangon. Jikin falankin duk ya lotsa da sawun duwatsu, ga tsakuwa tsibi a ƙasansa. Ta sa bayan gudumar ta fara zare ƙusoshin. Da ƙarfi ta buga su ranar, sai da ta yi da gaske suka fito. Ta janye falankin, ta zaro audugar. Iska ta shigo, da ɗan jan hasken da ya rage.

Ta matsa gefe ta ba da hanya. Ba ta ga kowa ba. Ta ji dai an wuce ta kusa da kafaɗarta, a hankali, yadda mai ɗauke da abu a hannu biyu ke wucewa ta ƙofa mai ƙunci. Kalmomin da aka yi ta gaya mata bara, waɗanda ba su taɓa shiga kunnenta ba, su ne suka zo bakinta.

"Allah ya ba ki haƙuri," ta ce. "Ki yafe mini."

Can sai guntun audugar da ya rage a bakin tagar ya ɗan motsa, shi ke nan.

Da ta sauko, Yaya na kwance a kan tabarma, kanta a cinyar ubanta. Gumin ya bushe. Malam yana sa takalminsa a bakin ƙofa, ya ce a ba ta ruwa kaɗan-kaɗan, kada kuma a sake taɓa tagar. Rufin ya yi tsit. 'Yan motsin nan da suka saba ji shekara da shekaru suna cewa ɓeraye ne, babu su.

Yaya ta buɗe ido, ta dubi uwarta, ta yi magana da muryarta ta kullum.

"Mama, sanyi nake ji."

Mai ɗinki ta shiga ɗaki neman abin rufa. Barguna suna can ƙasan akwati, tun da ba a taɓa bukatar su a irin wannan lokaci ba. Abin da ke kusa shi ne aljihun keken ɗinki na ƙasa, wanda ba ta buɗe ba tun bara. Ta durƙusa ta jawo shi, ta ciro ɗan bargon Auta mai shuɗin baki, wanda ita ta ɗinka. Ta kawo ta lulluɓa wa Yaya a kafaɗa. Bai kai ko gwiwarta ba. Ta ja shi ƙasa, kafaɗun suka fito, ta mayar da shi sama. Tana cikin ja da mayarwa kukan ya zo mata, da ƙarfi, har maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga tana tambaya ko lafiya.