Farar Tattabarar Baba Subhi

Sabrin na tsaye a barandarsu a unguwar Imbaba, igiyar kwando a hannunta, hawaye na zuba.

A ƙasa, saurayinta Wa'il ya ɗaga kai yana kallonta.

"Sabrin, sauko mu yi magana... don Allah, hasken idona!"

Da wannan kwandon take sayen burodi da wake kowace safiya, a cikinsa kuma Wa'il ya saba sako mata fure. Yau zoben baikonsu ne a ciki.

Fim ɗin da Wa'il ya shirya ne ya jawo komai. Na barkwanci ne, a kan lungunsu, ya fito ranar ƙaramar sallah. Masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, wai ihu ne zalla, wai bai san talakawa ba. Abu ɗaya suka yaba: wani tsoho mai kiwon tattabaru a saman bene, ya sa wa farar tattabara sunan matarsa da ta rasu, yana tambayarta inda ta ajiye masa safa.

Babanta ne, Baba Subhi. Ita ta faɗa wa Wa'il wannan sirri, shi kaɗai.

Da ta gani a sinima ta haɗiye kukanta, tunda ba wanda ya san ko waye. Sai ranar da wata mai sharhi ta ce wa Wa'il a talabijin, "Tsohon ma ƙirƙira ce, ba mai yin haka."

Wa'il ya harzuƙa. "Wallahi yana nan da ransa! Surukina ne, a Imbaba!"

Nirmin, 'yar baffanta da ta daɗe tana son Wa'il, ita ta hau bene da waya a hannu.

"Baffa, zo ka gani, ka zama tauraro!"

Tun daga nan, in ya wuce wurin mai shayi sai samari su ɗaga murya: "Baba Subhi, ya uwargida? Ta yi ƙwai kuwa?"

Bai zagi kowa ba. Ya daina hawa bene, ya daina fita. Magana ɗaya ya yi wa Sabrin: "Yau mamanki ta sake mutuwa. Ki mai da wa yaron zobensa."

Yanzu a baranda, Sabrin ta fara sassauta igiya a hankali.

"Zan yanke wurin daga fim ɗin, na rantse!" in ji Wa'il.

"Za ka yanke shi daga bakin mutane?"

"Sun ce shi kaɗai ne gaskiya a fim ɗin, Sabrin! Da ƙauna na yi shi..."

"Amana na ba ka, Wa'il. Kai kuma ka kai musu don su daina zaginka."

Kwandon ya tsaya daidai ƙirjinsa. Ya mai da hannuwansa baya.

"Ba zan ɗauka ba. Ja abinki sama, masoyiyata... ko a gaban babanki ne zan durƙusa."

Ta dube shi. Har yanzu tana sonsa, shi ya fi mata ciwo.

Ta saki igiyar.

Kwandon ya faɗi, zoben ya gangara cikin kwata.

"Sabrin, da wa kike magana?" muryar babanta daga ɗaki.

"Ba kowa, Baba."

Ta rufe ƙofar baranda. Can sama farar tattabara na ta kuka, ba mai amsa mata.