Harsashin Dorina

Da hantsin wata Talata, shekara guda da yanke jihar Kebbi daga Sakkwato, aka kawo wa Sufeto Jabiru rahoto a Wara cewa an harbe wani masunci mai suna Cindo a Tungar Gero, bakin tafkin Kainji.

Kafin ya isa, mutanen tungar sun gama shari'a. Sun ɗaure wani tsohon soja mai suna Philip, Bakambaren da ke noma a kan tudu, a gindin tsamiya, matasa sun kewaye shi da sanduna. Taron jama'a ba ya jiran hujja, wanda zai kama kawai yake nema.

Sufeto ya sa aka kwance shi aka saka a mota, sannan ya tambayi wanda ya fara ganin gawar.

Magaji, yayan mamacin, ya matso. "Ni na ishe shi kwance cikin jirgi, ranka ya daɗe. Ina can nesa wurin taru na ji ƙara. Kowa ya san Philip ke da bindiga ƙasar ga."

"Ka gan shi ya harba?"

"Ban gan shi ba, amma..."

"To tsaya inda idonka ya tsaya."

A asibiti likita ya ciro abin da ya shiga wuyan Cindo, ya ajiye a faranti. Ba harsashi ba ne, guntun ƙarfe ne mai lanƙwasa. Yatsu uku na hannun daman mamacin sun tafi, tafin ya ƙone baƙi ƙirin. Sufeto ya daɗe yana dubawa. Wanda aka harba daga nesa ba ya ƙonewa a tafin hannu.

Ya koma tungar wurin Hansatu, matar mamacin, ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi mata gaisuwa.

"Mijinki yana da bindiga?"

"Ba shi da komi sai taru da ƙugiya."

"Baiwar Allah, ba kama ki na zo yi ba. Akwai mutum a rufe saboda wannan maganar."

Sai ta tura hannu cikin ƙwaryar gero, ta ciro ƙunshin tsumma. Harsasai shida ne a ciki.

"Tun da dorina ta kife jirginshi bara ya daina zama lafiya. Shi ne ya sayi ƙaramar bindiga wurin Philip. Shida anka ba shi, ga su nan."

"Shida aka ba shi, shida suna nan. To me ya harba?"

"Wallahi ban sani ba."

Wannan karon ya yarda da ita.

Philip bai musa sayarwar ba. "Na sayar, yallaɓai, kuma na san laifi ne. Tun yaƙin basasa take wurina, ta girmi Cindo. Na ce masa ba ta kashe dorina, sai dai ƙarar ta kore ta."

"Harsashi iri nawa ke gare ka?"

"Biyu. Girmansu ɗaya, kowanne yana shiga. Na ba shi na fistol, mai sauƙi. Ɗayan na mashinga ne, bindigar yaƙi, albarushinsa ya fi yawa, turinsa ya fi ƙarfi. Sabuwar bindiga mai kauri za ta iya jurewa. Tsohuwa irin wannan fashewa za ta yi a hannu. Na faɗa masa sau uku."

"Wa ya san kana da mai ƙarfin?"

"Babu."

"Philip, jiya saura kaɗan a fasa maka kai. Wa kake rufawa?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Magaji ya roƙe ni, na hana. Ran Juma'a ya zo gaisuwa, bayan ya tafi na ga uku sun ɓace daga gwangwani."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Ƙanensa na kwance ba rai. In kira shi ɓarawo a gaban gawa?"

Sufeto ya sami Magaji a bakin ruwa yana ɗinkin taru, ya naɗe kansa da ƙyalle har kunnuwa. Ya tsaya ta hagunsa ya yi sallama sau biyu, bai juyo ba. Da ya zaga ta dama, sau ɗaya ya amsa.

"Kwance ƙyallen nan."

Magaji ya kwance. Gefen fuskarsa duk ɗigon baƙi ne, jini ya bushe a kunnen.

"Daga wurin taru albarushi ya same ka?"

Magaji ya ajiye basillar ɗinkin. "Ina cikin jirgin, ni ke tuƙi." Ya dubi ruwa. "Ranka ya daɗe, mu komi na ruwa mai ƙarfi muke nema. Zare, ƙugiya, inji, in akwai iri biyu, mai ƙarfin muke ɗauka. Na ce mashi na Philip na harbin zomo ne, dorina sai da wanga. Da hannuna na ɗura mashi. Dorinar ta ɗago kai, ya ja kunamar bindigar, ta fashe. Sai na ga ƙanena yana kallona, jini na zuba."

"Bindigar fa?"

"Na jefa ruwa."

"Ka kashe shi da rashin sani, Allah ya ga zuciyarka. Amma Philip da saninka ka miƙa shi ga masu sanduna."

"Inna tana raye. Da ta tambaye ni wa ya kashe mata ɗa, bakina ya kasa cewa ni." Ya share ido da ƙyallen. "Alfarma guda. Bari in faɗa mata da kaina, kada ta ji a bakin tunga."

Doka ba ta tanadi wannan ba. Sufeto ya mayar da ankwa aljihu, ya raka shi har ƙofar ɗakin tsohuwar, ya tsaya a waje. Bai ji kuka ba, sai muryarta ƙasa-ƙasa tana salati.

Da Magaji ya fito, shi da kansa ya miƙa hannuwansa. Aka buɗe bayan mota. Philip, wanda ke zaune a ciki, shi ma kotu na jiransa kan sayar da bindiga, ya dube shi, sannan ya matsa ya ba shi wurin zama.